Filin tambaya da amsa: me ya sa waliyyan Katolika ke kallon sama suna kuka a zanen Turawan da?

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili. Saƙonnin wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi, kan zanen Turawa na zamanin da ake kira Barok, wato daga wajen 1600 zuwa farkon 1700 da wani abu. Na zaɓi guda biyar, sauran ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Ustaz barka da aiki. Ni ɗalibi ne daga Maiwurno ina karanta zane, yanzu karatun namu ta waya muke yi tunda yaƙi ya tashe mu daga Hartum. An turo mana hotunan zanen waliyyan Katolika akace muyi rubutu a kai, toh wallahi duk wanda na buɗe sai naga ido ya juye sama, baki a buɗe, hawaye na zuba, hannu a ƙirji kamar wanda ciwo ya kama. Dan Allah wannan abun imani ne na gaske ko wasan kwaikwayo ne kawai? Kuma meyasa duk iri ɗaya suke?

AMSA: Ɗana sannu da ƙoƙari, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina ku koma aji. Abin da ka lura da shi haka yake, kuma da gangan aka yi shi. Amma sai na ɗan ja ka baya tukuna.

A 1517 Martin Luther ya fito da ƙorafinsa a Jamus kan cocin Rum, daga nan Kiristocin yammacin Turai suka dare biyu. Wasu cikin waɗanda suka ɓalle, musamman mabiya Calvin, suka ce duk wani hoto ko sassaƙe a cikin coci bautar gunki ce, har a 1566 a ƙasashen da yau ake kira Holand da Beljiyam jama'a suka dinga kutsawa coci-coci suna farfasa duk abin da suka tarar. Cocin Katolika ta yi nata babban zaman a garin Trent daga 1545 zuwa 1563, a zaman ƙarshe na watan Disamba 1563 suka yanke cewa hotuna za su zauna, ba wai don akwai allantaka a cikinsu ba, girmamawar tana komawa ne ga wanda aka zana, kuma hoton ya koyar da jama'a ya motsa su zuwa ibada, a cire duk abin batsa a ciki. Sai a 1582 babban limamin Bolonya, Gabriele Paleotti, ya rubuta littafi guda a kan wannan magana, yana ɗaukar mai zane a matsayin mai wa'azi da ba ya magana, aikinsa ya faranta ido, ya koyar, ya girgiza zuciya. Kaga kenan kukan da kake gani odarsa aka bayar. Yawancin masu shiga cocin ba su iya karatu ba, addu'ar kuma da Latin ake yi, fuskar nan ce kawai ke musu magana da harshen da suke ji.

Har waliyyan da aka fi zanawa ma zaɓa aka yi. Duba ka ga yawan Bitrus yana kuka. A littafinsu Bitrus ya yi musun sanin Yesu sau uku kafin zakara ya yi cara, sannan ya fita ya yi kuka mai zafi. Maryamu Magadaliya ita ma kullum cikin hawaye da gashi a sake, Jerom tsoho a kogo da ƙoƙon kai a gabansa da dutse a hannu yana dukan ƙirji. Dalili shine 'yan Furotesta, wato waɗanda suka ɓalle ɗin, sun ƙi yarda da tuba ta hannun fada, limamin coci, Katolika kuwa suka riƙe ta gam, saboda haka aka cika bango da masu tuba.

Toh amma kada ka tsaya nan ka ce ai farfaganda ce kawai, domin mutanen da ake zanawa ɗin da gaske suka yi irin wannan rayuwar. Ignatiyus na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuwit, yana da ɗan kundin da ya riƙe a 1544 da 1545 inda yake rubuta kowace rana ko ya yi hawaye a lokacin ibada ko bai yi ba, kuma littafinsa na horon ruhi da aka buga a 1548 yana koya wa mai ibada ya sawwara wurin da abin ya faru kamar yana tsaye a ciki, ya gani, ya ji, ya nemi baƙin ciki da hawaye a matsayin baiwa. Tereza ta Abila a Sifaniya ta rubuta da hannunta cewa ta ga mala'ika da mashin zinariya mai wuta a tsini yana soka mata a zuciya, zafin ya sa ta nishi amma daɗin ya hana ta so ya daina. Wannan labarin ne Bernini ya sassaƙa da dutsen marmara a cocin Santa Maria della Vittoria a Rum tsakanin 1647 da 1652, da wata ɓoyayyar taga a sama da ke sako haske a kanta. Mu ba aƙidarmu ba ce, amma su haka suka yarda, kuma wanda ya durƙusa gaban hoton yana kuka ba wasa yake ba.

Su kuma masu zanen kowa da halinsa. Caravaggio da ya zana waliyyai da ƙafafu masu datti da fuskokin talakawa har mutum ya ji tsikar jikinsa ta tashi, ya kashe mutum a Rum a 1606 ya gudu, a gudun ya ƙare rayuwarsa a 1610. Guido Reni na Bolonya, wanda shine uban wannan kallon saman da ya dame ka, an san shi da ibada kuma an san shi da caca, bashin caca ya sa a ƙarshen rayuwarsa yake fitar da zane da sauri da sauri. Bernini kuwa ɗansa ya ruwaito cewa lokacin da yake matashi zai sassaƙa waliyi Lorens wanda aka gasa a wuta, sai ya kai ƙafarsa kusa da wuta yana kallon fuskarsa a madubi yana zanawa. Kaga ba za ka iya auna imanin mai zane daga yawan hawayen da ya zuba a takarda ba.

Ni abin da na tsaya a kai shine, koyon sana'a ba ya mayar da abu ƙarya. Mai madihu da ke bugun ɗar a daren Maulidi ya san inda zai ja murya da inda zai sauke ta, koya ya yi shekara da shekaru, kuma ya san daidai baitin da zai sa dattijai hawaye, wannan bai hana begen ya zama na gaske ba a zuciyar mai ji, wani lokacin har a tasa. Inda matsalar take shine in dabarar ta zama ita kaɗai ta rage. A 1668 Charles Le Brun ya yi lacca a makarantar zane ta Faris ya tsara fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ga yadda gira ke yi a mamaki, ga ta tsoro, ga ta shauƙin ibada, aka buga a 1698 ɗalibai suka dinga kwafa. Almajiran Reni ma haka suka yi ta maimaita ido ɗaya a kan fuska ɗari. Shi ya sa ka ga duk iri ɗaya. In za ka yi rubutunka, ka raba waɗanda mai zanen ya kalli mutum mai rai da waɗanda ya kalli zanen wani. Nemi zanen Jusepe de Ribera, ɗan Sifaniya da ya zauna a Nafoli, akwai wani na jan alli da ya sa wa hannu a 1626 yana gidan tarihin Birtaniya a Landan, tsoho ne ɗaure a jikin bishiya, hannu ɗaya a miƙe sama, fatar cikinsa ta saki, haƙarƙari a waje. Ba ɗigon hawaye ko ɗaya kake buƙata ba, jikin ya riga ya faɗi komai. Wannan a wurina ya fi kyawawan idanu ashirin masu kallon sama.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni daga Kasala nake. Tambayata itace su waɗannan fuskokin da gaske kamannin waliyyan ne? Naga ana cewa Bitrus yayi zamani da Annabi Isa alaihissalam, toh waye ya ganshi har ya zana shi bayan shekara dubu da ɗari shida?

AMSA: 'Yata lafiya lau, kin yi tambaya mai kyau. Kashi biyu ne.

Na farko waliyyan da, irin su Bitrus da Bulus da Jerom, babu wanda ya san fuskarsu a lokacin. Mai zane yakan samo wani tsoho a unguwa ko ɗan dako ko yaron shagonsa ya zaunar da shi ya zana, sai a gane waliyin ta alamar da aka ba shi. Bitrus da mabuɗai, Bulus da takobi, Jerom da zaki ko ƙoƙon kai, Katarina da ƙafar keke mai ƙaya, Sebastiyan da kibau a jiki, Faransis na Asisi da rigar fadanci da igiya a ƙugu da raunuka a tafin hannu. Cire mabuɗan, Bitrus ya koma tsohon Nafoli mai furfura. A Bolonya dangin Carracci sun buɗe makaranta wajen 1582 inda babban darasi shine zana mutum mai rai da ke gabanka. Marubucin tarihin masu zanen Bolonya, Malvasia, ya kawo labarin cewa Reni ya taɓa zaunar da mai niƙa masa fenti, mutum mara kyan fuska, ya ce ya kalli sama, ya fitar da kyakkyawar fuskar mace mai tsarki daga gare shi, don ya nuna cewa kyan a kansa yake ba a wanda ke zaune ba.

Na biyu sune sababbin waliyyai da mutane suka sani ido da ido, kuma nan ne abin ya fi ban sha'awa. A ranar 12 ga Maris 1622 Fafaroma Gregori na 15 ya ayyana mutum biyar a rana ɗaya, Ignatiyus, Faransis Zabiya, Tereza, Filib Neri da wani manomi Isidoro na Madrid. Huɗun farko duk a ƙarni na 16 suka rayu, Filib Neri ma a 1595 ya rasu, akwai tsofaffi a Rum da suka yi hira da shi. Ba za ka iya ba su fuskar ɗan dako ba. Abin da ake yi shine in babban mutum ya mutu sai a ɗora masa farar ƙasa ko kakin zuma a fuska a ɗauki siffarta kafin a binne shi, haka aka yi wa Ignatiyus a 1556, haka aka yi wa Filib Neri, daga wannan siffar ake ta kwafa. Karlo Borromeo na Milan da aka ayyana a 1610 ko a cikin taro kika gan shi za ki gane shi da dogon hancinsa, ba wanda ya rage masa. Amma ki lura, fuskar gawa aka ɗauka ido a rufe, sai mai zane ya buɗe idon ya ɗaga shi sama ya sa masa shauƙi, wato ƙashin fuskar na gaske ne, yanayin kuwa na mai zane ne. Tereza an zana ta da ranta a 1576 tana da shekara 61, wani ɗan zuhudu Juan de la Miseria ya yi, dattijuwa ce mai cikar fuska. Ta Bernini kuwa budurwa ce sumul. Cocin ma tana sa ido, a 1625 Fafaroma Urban na 8 ya hana a sa wa kowa zoben haske a ka matuƙar Rum ba ta amince da shi ba, saboda mutane sun fara zana malamansu da haske tun ba a gama bincike ba.

TAMBAYA: Malam ni uba ne a Gadarif, yarinyata ce ke wannan karatun kuma hankalina bai kwanta ba. Musulmi ya zauna yana kallon hotunan waliyyan Kirista, anya kuwa?

AMSA: Alhaji Allah ya saka da alheri da wannan kulawa, uba na gari ne ke tambaya. Hukuncin zana abu mai rai magana ce ta malaman fiƙihu, hadisan da suka yi gargaɗi a kai sanannu ne, malamai kuma sun yi bayani kan bambancin sassaƙe mai inuwa da zane a takarda da abin da ake yi don karatu. Ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa, ka gaya masa daidai abin da ake nema a wurinta, kallo da rubutu ne ko kwafa da hannu. Ni abin da zan iya faɗa maka daga ɓangarena, sanin abin da wasu suka yarda da shi daban, yarda da shi daban. Kuma yarinyar da ta tashi a gidan karatu tana da abin da za ta auna da shi. Mu ma mun san kukan tsoron Allah, yana cikin hadisin mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarsa, wanda ya ambaci Allah shi kaɗai idanunsa suka zubar da hawaye. Shi kaɗai fa. Mu an koya mana ɓoye wannan hawayen don gudun riya, su kuma suka fito da shi bango don ya jawo wasu. Ka zauna da ita ku tattauna wannan bambancin, za ka ji daɗin abin da za ta faɗa.

TAMBAYA: Ustaz mu nan Sudan akwai irin wannan zanen? Na taɓa wucewa ta gaban babbar kanisar Hartum da makarantar Komboni ban taɓa shiga ba. Daga ɗan'uwanku a Madani.

AMSA: Ɗan'uwa, Barok na asali sai dai a Rum, Bolonya, Nafoli, Sabiliya, Antwaf da manyan gidajen tarihin Turai. Katolika na wannan zamanin sun zo Sudan ne a ƙarni na 19, Daniel Komboni, ɗan mishan ɗin Italiya da makarantar ke ɗauke da sunansa, ya rasu a Hartum a 1881, babbar kanisar Matta da kake magana an kammala ta a 1908. Sai dai ƙananan katunan addu'a da kalandun da maƙwabtanmu Kirista ke rataye a ɗaki, da yawansu jikokin zanen Reni da Murillo, mai zanen Sabiliya ta Sifaniya, ne, wannan kallon saman ta nan ya iso mana.

Abin da muke da shi na kanmu ya girmi Barok nesa ba kusa ba. A farkon shekarun 1960, kafin ruwan madatsar Aswan ya cinye yankin, masu haƙa daga Foland ƙarƙashin Kazimierz Michałowski sun tono babbar kanisar Faras ta Nubiya suka ciro zanen bango fiye da 120, aka raba tsakanin Hartum da Warso. Cikin waɗanda suka tafi Warso akwai waliyya Hanna, ta wajen ƙarni na 8 zuwa 9, manyan idanu suna kallonka kai tsaye, ɗan yatsa a kan leɓe. Ba kuka, ba baki buɗe. Addini ɗaya a asali amma wannan tana ce maka ka yi shiru, na Italiya suna ce maka ka yi kuka. Gidan tarihinmu na Hartum ya sha wawura a wannan yaƙin, abin da ke ci min rai kenan duk lokacin da na tuna, domin tarihin ƙasar nan ne ko da ba addininmu ba ne. Sannan Katolika suna da waliyya 'yar Darfur, Josefin Bakhita, an haife ta wajen 1869, aka sace ta tana ƙarama aka sayar a kasuwannin bayi, ta ƙare a Italiya ta rasu a 1947, aka ayyana ta a 2000. Ita kam da kyamara aka ɗauke ta, ba wanda ya ara mata fuska.

TAMBAYA: Ustaz ni mai zanen allon shaguna ne a Bur Sudan, wani lokacin ina zana fuska da fensir. Da me su ke yin nasu har kaga ido kamar jiƙaƙƙe? Kuma meyasa kake ta cewa zanen takarda yafi na fenti?

AMSA: Maigida sannu da sana'a. Kayan nasu ba su da yawa. Baƙin alli, jan alli wanda ƙasa ce mai tama a ciki, farin alli, gawayi, sai alƙalamin gashin tsuntsu da tawada. Tawadar daga ƙullutun itacen oak ake yi da gishirin ƙarfe da ƙaro, eh ƙaro irin wanda ake tsagowa a Kurdufan, baƙa ce da farko, shekaru ne suka mayar da ita ruwan ƙasa, wani wurin ma ta cinye takardar. Guercino, mutumin Cento kusa da Bolonya wanda ya rayu daga 1591 zuwa 1666, shine gwanin alƙalami, layinsa na yawo kamar yana neman fuskar, sai ya tsoma burushi a tawada mai ruwa ya zuba inuwa a gefe ɗaya shikenan tsoho ya fito. Ɗaruruwan zanensa suna fadar Windsor a Ingila. Rubens na Antwaf kuwa yakan haɗa alli uku a fuska ɗaya.

Sirrin idon yana takardar. Sau da yawa ba fara suke ɗauka ba, shuɗiya ce ko toka-toka, sai takardar kanta ta zama tsakiyar haske, baƙi ya yi inuwa, fari ya yi ƙyalli kawai. Ana kallon kan daga ƙasa kaɗan har a ga ƙofofin hanci da jijiyar wuya, a karkata shi gefe, ƙwayar idon rabinta ta ɓuya ƙarƙashin fatar sama, farin ido ya fito a ƙasa. Sai a ja jan alli siriri a bakin fatar ido da kan hanci, kamar na wanda ya daɗe yana kuka, sannan ɗigon fari guda a gefen fatar ƙasa inda ruwa ke taruwa. Leɓe a rabe kaɗan, haske daga sama ta gefe ɗaya.

Dalilin da ya sa na fi son takardar, yawancinsu ba don a rataye aka yi su ba, gwaji ne kafin babban aikin coci, mai zanen shi kaɗai da wanda ke zaune gabansa, ba bishop a kansa, ba almajiran da za su shafe masa. Za ka ga inda ya sa haɓa ya canza, inda hannu ya fito sau biyu. In aka kai babban kyalle sai a gyara tsohon, a rage masa tamoji, a ƙara gajimare da mala'iku, sau da yawa abin da ya taɓa ka a takardar ya ɓace a hanya.

In za ka gwada, samo takardar buhun siminti mai tsabta ko kwalin da ba shi da sheƙi, gawayi mai laushi da allon makaranta, jan kuma gutsuren jan bulo da aka goga ya isa. Roƙi wani dattijo a layinku ya zauna kusa da ƙofa inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya, kada ka ce masa ya yi wata fuska, bar shi da lazuminsa ko tunaninsa. Fara da ƙashin goshi da ramin ido, farin allon ka bar shi sai ƙarshe, kuma wuri uku ko huɗu kawai za ka taɓa da shi, in ya yi yawa fuskar sai ta koma kamar an shafa mata gari.